Wai an gwada ruwan, to me aka gwada a cikinsa?

Duk wanda ya haƙa bohol a gidansa in ka zauna da shi za ka ji yana yabon ruwansa, garau yake, ba wari ba ɗanɗano, ƙarshe ya rufe da cewa ai har gwada shi aka yi. To ka ce masa me aka gwada, nan za ka ga ya fara kame-kame. Yawanci abin da ya faru shi ne wani ya zo da 'yar na'ura mai kama da biro ya tsoma a kofi, lamba ta fito, ya ce Alhaji ruwanka ya fi na roba kyau, shikenan an wuce wajen. Ni kuwa a ganina wannan kalma ta "an gwada" ba ta da wata ma'ana sai an faɗi abin da aka nema a cikin ruwan, da lokacin da aka ɗebo shi, da yadda aka kai shi lab. Ruwa ba shi da gwaji guda ɗaya da zai ce maka lafiya lau ko ba lafiya ba, kowane abu da nasa gwajin, kuma abin da ba ka nema ba ba za ka gani ba.

Bari mu fara da ita wannan na'urar tunda ita ce ta cika gari. Abin da take aunawa ana ce masa TDS, wato jimillar gishirin da ya narke a ruwa, kuma ko shi ɗin ma ba kai tsaye take auna shi ba, tana duba yadda lantarki ke ratsa ruwan ne sai ta yi lissafi ta ba ka lamba. Gishiri a nan ba na miya kaɗai ba, har da kalsiyom da magniziyom da sodiyom da bikabonet da salfet, duk abin da ruwa ya kwaso daga ƙasa da duwatsu. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ya sa iyakar miligiram 500 a lita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma cewa ta yi ƙasa da 600 ruwa na da daɗin sha, in ya haura 1000 ya fara gundurar baki, kuma ba ta ma sa masa iyaka ta fuskar lafiya ba, magana ce ta ɗanɗano. Kaga kenan lambar nan ba ta san ƙwayar kwalara ba, ba ta san taifot ba, ruwan da ke ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin cuta zai iya nuna 80 kowa ya yi ta murna. Dalma kuwa iyakarta miligiram 0.01 ne a lita, wato giram ɗaya tak in ka narkar da shi a cikin ruwan da zai cika tankar mai uku irin masu lita 33,000 ka riga ka kai iyaka, yo ta ina biron da ke ƙirga ɗaruruwa zai hango wannan?

Akwai kuma wani wasan da masu tallan filta ke yi wanda ya fi wannan ban haushi. Za su zo da wata na'ura mai sanduna, su jona a wuta, su tsoma a kofi biyu, ɗaya ruwan gidanka ɗaya ruwan da filtarsu ta tace. Kafin minti biyu naka ya koma ja ko kore ko baƙi-baƙi har da wani kumfa a sama, nasu kuwa da ƙyar ya ɗan sauya. Uwargida ta gani ta riƙe baki ta ce yau mun shiga uku ashe abin da muke ɗurawa yara kenan. To wallahi wannan dattin ba daga ruwan ya fito ba, sandar ƙarfen ce ke narkewa tana zama tsatsa saboda ruwanka yana da ɗan gishirin da ke barin lantarki ya wuce, nasu kuma an cire masa gishiri shi ya sa wutar ba ta ratsa shi. Ka barbaɗa ɗan gishirin girki a nasu kofin ka ce su sake, za ka ga shi ma ya rine.

Asalin maganar ita ce babu ruwan da yake zallansa a duniya in ba a lab aka haɗa shi ba. Tun daga sama ruwan sama yake haɗuwa da iskar kabon, shi ya sa yake da ɗan tsami kaɗan, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, wajen 5.6 alhali 7 ne tsaka-tsaki. Da wannan ɗan tsamin yake shiga ƙasa yana lasar duwatsu, kuma irin dutsen da ya bi ta ciki shi ke ba shi hali. Yankin Kano da Zariya da Bauchi galibi kan tsohon dutse mai tauri suke, ruwan yana taruwa ne a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa a mita 30 kai ka yi 70 ba labari. Wajen Sakkwato kuwa akwai farin dutsen nan na Kalambaina da ake siminti da shi, ruwan da ya ratsa irinsa yana kwaso kalsiyom da yawa. Borno kuma kwarin Chadi ne, yashi da yumɓu hawa-hawa, ruwan sama daban na tsakiya daban na can ƙasa daban, kowanne da sinadaransa.

Ruwa mai kalsiyom da magniziyom da yawa shi ne wanda mata ke ƙorafin yana cin sabulu ba ya kumfa, ya bar farin ɓawo a gindin butar shayi, ya toshe kan shawa. Ba ya cutar da mai sha, asara ce ta sabulu da omo kawai. Haka ruwa mai ƙarfe, za ka taro shi daga bohol fari tas, ka ajiye a bokiti zuwa la'asar ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ja, har mutane su fara zargin ko an yi musu wani abu. Ba komai ba ne, a can ƙasa babu iska ƙarfen yana narke ba a ganinsa, da ya fito ya haɗu da oksijin sai ya zama tsatsa ya fito fili. An sa masa iyakar miligiram 0.3 a lita ne saboda yana ɓata farin kaya da tayil da ɗanɗano, in ka bar shi ya sha iska ya kwanta ka tace ta yashi ya tafi. Ruwan zartsi ma haka, harshe da kansa yake faɗa maka.

To ga inda abin yake da ɗaure kai, waɗannan da muke gani muke ƙorafi a kansu mafi yawansu masu sauƙi ne, masu illar gaske kuma ba su da launi ba su da wari ba su da ɗanɗano.

Misali mafi kusa da mu shi ne Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa mai kyau a ido, mutane suka ji daɗi sun huta da wahala. Aka yi ta sha har wajen shekara 15. Sai aka fara ganin yara haƙoransu sun rine, ƙafafu sun gwame ko sun lanƙwashe, wasu kai ya yi girma, wasu ba sa iya tafiya sosai. Da aka zo aka bincika ashe fuloraid ne ya yi yawa a ruwan, ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa har sau uku zuwa huɗu, dubban yara abin ya shafa, ɗaruruwa suka nakasa nakasar da ba ta gyaruwa. Ba wanda ya zuba guba, daga ƙasar da ruwan ke kwance a ciki yake fitowa. Kuma shi fuloraid ɗin nan shi ne dai wanda ake sawa a man goge baki don kare haƙori, kaɗan ɗinsa amfani ne, in ya wuce 1.5 ya fara yi wa haƙoran yara tabo, in ya ƙara sama aka daɗe ana sha sai ya shiga ƙashi. A Najeriya ma an san wannan matsala a wurare irin Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato, in ka ga gari yara da yawa haƙoransu sun yi ruwan goro tun ba su san goro ba to a duba rijiyar. Gwajinsa ba wani mai tsada ba ne, abin takaicin kenan, ba a nema ba ne kawai.

Kuma dan Allah a daina cewa a tafasa a sha a kan irin wannan. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, fuloraid da dalma da naitiret ba rai gare su ba balle su mutu, hasali ma in ruwan ya ƙone ya ragu sai su ƙara kauri a cikin wanda ya saura. Fuloraid sai dai a sauya rijiya, ko a gauraya da wani ruwan mai ƙarancinsa, ko a tace da gawayin ƙashi, ko injin nan mai matse ruwa ta cikin siririn tantani da masu ruwan roba ke amfani da shi.

Bangladesh ta ga wanda ya fi wannan girma. Daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa don raba mutane da ruwan kududdufi da ke kashe yara da gudawa, kuma an yi nasara ta wannan ɓangaren, amma ba a gwada gubar asanik ba sai a 1993 aka tabbatar yana ciki, lokacin mutane miliyan da dama sun daɗe suna sha. Ƙarshe fenti aka bi ana shafa wa famfunan, ja kar a sha kore a sha. A Ogoni ta jihar Ribas ma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da sinadarin benzin na ɗanyen mai ya ninka iyaka sau 900.

Ita dalma mun san ta a Zamfara, 2010, ƙauyuka irin Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu. A can gaskiya ƙura da ƙasar tsakar gida ce babbar hanyar da ta shiga jikin yara saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, amma inda ake wanke garin dutsen kududdufai da wasu rijiyoyi ma sun samu rabonsu. Wata hanyar da dalma ke shiga ruwa kuma ba daga ƙasa ba ce, daga bututu ne. Garin Flint a Amurka a 2014 suka sauya inda suke ɗebo ruwa suka koma kogin garin, ba su sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai sabon ruwan ya kankare tsofaffin bututan dalma ya kai wa mutane har kicin. A nan ne pH ke da amfani, shi kansa ba cuta ba ne, ana so ya zauna tsakanin 6.5 da 8.5, in ya yi ƙasa ruwa yana cin ƙarfe, in ya haura 8 kuma kulorin ba ya aiki yadda ya kamata. Masu tallan ruwan "alkaline", wato mai pH sama da 7, da ke cewa yana maganin kaza da kaza kuwa, cikin mutum da kansa tsaminsa ya kai pH 2, da ruwan ya sauka an gama labarin.

Amma fa duk da waɗannan labaran masu tayar da hankali, abin da ya fi kashe mutane a ruwa a ƙasashenmu ba wani sinadari mai dogon suna ba ne, kashi ne, bayan gida. Kwalara, taifot, atini, shawara, duk hanyarsu ɗaya, daga cikin wani zuwa bakin wani. A 2021 kaɗai Najeriya ta ƙirga sama da mutum dubu 100 da ake zaton kwalara ce ta kama su, sama da 3,500 suka rasu, kuma jihohin arewa ne suka fi jin jiki. Tun 1854 wani likita John Snow a Landan ya bi gidajen da aka yi mace-mace ya gano famfo guda ne suke sha, aka cire masa hannu, daga baya aka gano ramin masai ne ke kusa da rijiyar yana yoyo a ciki. Yau shekara 170 da wani abu amma ka shiga unguwanninmu na cikin gari, fili taku 50 da 50 an raba shi biyu, ga shadda ga rijiya, in ba taka ba ce ta maƙwabci ce a bayan katanga. Abin da masana ke ba da shawara shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakani, kuma gindin ramin ya kasance sama da ruwan ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi, to wa ke da wannan filin a Kurna ko Rijiyar Lemo?

A lab ba kowace ƙwayar cuta ake bi ɗaya bayan ɗaya ba, ba za a gama ba. Ana neman guda ɗaya ce mai suna E. coli wadda gidanta hanjin mutum da dabba, in an gan ta a ruwa to kashi ya shiga, kuma duk abin da kashi ke ɗauke da shi zai iya kasancewa a ciki. Ana tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai ramukan da ƙwayar ba ta iya wucewa, a ɗora takardar a kan abincinsu cikin faranti, a sa a na'urar ɗumi a wajen digiri 44 ta kwana, da safe a ƙirga ɗigo-ɗigon da suka tsiro. Ƙa'idar ruwan sha sifili ne, ko ɗaya ba a yarda ba. Akwai kuma wata 'yar kwalba mai araha da ake zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ya koma baƙi to akwai matsala, ba ta kai ta lab inganci ba amma ta fi zato.

Abokin tafiyar E. coli shi ne naitiret, shi ma daga masai yake zuwa ko takin zamani ko turken dabbobi, iyakarsa miligiram 50 a lita. Babba ba lallai ya ji komai ba, jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan su ne abin tsoro, yana hana jininsu ɗaukar oksijin har leɓe da fata su yi shuɗi-shuɗi. Kuma ƙwayar cuta tana iya mutuwa a hanya kafin ta kai rijiya, ƙasa tana tace ta, amma naitiret yana tafiya da ruwa abinsa, shi ya sa in ka ga yana hawa shekara bayan shekara a bohol ɗin unguwa to sokawe ɗinku sun fara gaisawa da ruwan da kuke sha.

Sai maganar gurɓin ruwa, wato yadda ya yi duhu da laka. Ana auna shi da ma'aunin NTU, ana so kar ya wuce 5, in da hali ma ƙasa da 1. Ba don kyan gani kawai ba, ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikin ƙwayoyin lakar kulorin ya kasa kai musu, kuma dattin yana cinye kulorin ɗin. Shi ya sa a matatun ruwa irin na Challawa da Tamburawa ba a fara da kulorin, alimun ake fara zubawa ya tattara lakar ta dunƙule ta kwanta, a tace ta yashi, sannan a sa kulorin a ƙarshe. Garin 'ya'yan zogale ma yana wannan aikin na kwantar da laka, matan karkara a Sudan sun daɗe suna yi da ruwan Nilu, amma a sani kwantarwa daban kashe ƙwayar cuta daban, ruwan da aka sa wa alimun ya yi garau har yanzu yana buƙatar tafasa ko kulorin. Shi kulorin ana so bayan minti 30 da zubawa a samu ragowar miligiram 0.5 a lita, kuma har ya iso bakin famfo kar ya gaza 0.2, ana gwadawa da wata 'yar ƙwaya da ke mayar da ruwan ruwan hoda. Wannan ɗan warin da mutane ke tsaki a kansa shi ne mai gadin ruwan a hanya, musamman a garuruwanmu da bututu ke bi ta cikin kwata kuma ruwan ba kullum yake zuwa ba, in an ɗauke bututun ya zama fanko sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi ta inda ya fashe.

Kuma ko ruwan ya fito lafiya daga tushe, jarkar mai kura da ba a taɓa wanke cikinta ba, da randar da kowa ke tsoma moɗa har da hannu, sun isa su ɓata shi. An sha gwada ruwa a bakin bohol ya fito sifili a je cikin gida a gwada na randa a samu ɗaruruwa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne rabin ingancin gwaji yana wajen ɗibar ruwan ne. Mutum zai wanke robar lemo ya cika ya jefa a but ɗin mota ta yini a rana, washegari ya kai lab ya ce a duba masa ƙwayoyin cuta, duk abin da ya fito a takardar nan labarin robar ne ba na rijiyar ba. Na ƙwayoyin cuta kwalba ce ta musamman da aka kashe komai a cikinta, a goge bakin famfon ko a ɗan ƙona shi, a bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna, a cika ba tare da yatsa ya taɓa bakin ba, a sa a ƙanƙara a kai cikin awa 6, in ya yi nisa kar ya wuce 24. Na ƙarafa kuma kwalbarsa daban, ana ɗiga masa asid don kar ƙarfen ya manne a jikin roba. pH da kulorin da oksijin a wurin ake auna su don suna sauyawa a hanya. Sannan lokaci, rijiyar da ta fito tas a watan Maris ba ita ce ta Agusta ba lokacin da ruwan ƙasa ya taso ya haɗe da ramukan masai, balle shekarar ambaliya irin wadda Maiduguri ta gani a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Haka lambar NAFDAC a jikin fiya wata, tana nufin an duba masana'antar a lokacin da aka duba ta, ba ta ce komai a kan ko an sauya filta a watan jiya ba.

Yanzu mu juya ɗaya ɓangaren, ruwan da muka gama amfani da shi muka sake. A nan tambayar ta sauya, ba wai za a iya sha ba, a'a, me zai yi wa kogin da za a zuba shi. Ruwa yana riƙe oksijin kaɗan ne ƙwarai, kamar miligiram 9 a lita in yana digiri 20, a zafinmu na digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, kuma da wannan ɗan kaɗan ɗin kifi da duk wani mai rai a ciki ke numfashi. In ka zuba dagwalo mai kashi ko jini ko ragowar abinci, ƙwayoyin bakteriya za su hau ci, suna ci suna shan oksijin, in dattin ya yi yawa su shanye shi tas, kifi ya mutu, wasu bakteriyar da ba sa buƙatar iska su karɓi aiki, su ne ke sa ruwa ya yi baƙi ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kar ganin tarwaɗa a irin wannan ruwan ya ruɗe ka, ita tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, inda sauran kifaye suka ƙare ita tana nan.

Gwajin da ke auna wannan shi ne BOD, kuma yadda ake yinsa abin sha'awa ne don ba wani sinadari ake nema ba, yunwar bakteriya ake aunawa. Ana cika kwalba mai mililita 300 da ruwan, galibi bayan an sirka shi da ruwa mai tsabta, a auna oksijin ɗin ciki, a toshe ba iska, a ajiye a duhu a digiri 20 har kwana 5, a sake aunawa, abin da ya ragu shi ne BOD. Duhun don kar gansakuka ta samu haske ta ƙara oksijin ta ɓata lissafi. Kwana biyar ɗin kuma gadon Ingila ne, wani kwamitin masarauta kan ruwan masai ne ya tsayar da shi a farkon ƙarni na 20, duniya ta ɗauka har yau. Kogi mai tsabta BOD ɗinsa bai wuce 2 ko 3 ba, ɗanyen ruwan masai na gari yana kai 200 zuwa 400, na mayanka da na kamfanin fata kuwa dubbai ake magana. Lissafa da kanka, lita ɗaya mai BOD 300 za ta shanye oksijin ɗin lita 40 na ruwan kogi mai kyau.

Tunda kwana biyar ya yi nisa sai ake haɗawa da COD, shi awa 2 ne, ana dafa ruwan da asid mai ƙarfi da sinadarin dayikuromet a digiri 150 ya ƙone kusan duk abin da zai ƙonu, wanda bakteriya ke iya ci da wanda ba sa iyawa. Shi ya sa COD kullum ya fi BOD, a ruwan gidaje kamar ninki biyu. Kwatanta su biyun shi ne inda ilimin yake. In BOD ya kai rabin COD to dattin mai ruɓewa ne, tafkunan tacewa da rana da bakteriya za su iya da shi, kuma zafin ƙasarmu ma taimako ne a nan. In kuwa COD ya yi sama can BOD ya yi ƙasa sosai, to ko dai abin da ke ciki ba ya ruɓewa, ko kuma akwai gubar da ta kashe bakteriyar cikin kwalbar tun ranar farko. Wato ruwan masana'anta mai guba zai iya ba ka BOD ɗan kaɗan mai kyan gani a takarda, wanda bai sani ba ya sa hannu ya ce ya cika ƙa'ida.

Kano ce wurin da ya fi dacewa a kalli wannan, saboda fata. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, tana da nata warin da dattin amma abu ne mai ruɓewa. Jimar zamani a Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa gishiri ake fara wankewa daga fatar, a sa farar ƙasa da salfaid a cire gashi, sannan a jeme da gishirin kuromiyom, kuma ba duka fatar ke shanyewa ba, wani kaso yana bin ruwa ya fita. Kuromiyom iri biyu ne, mai lamba uku wanda ake jima da shi, illarsa da sauƙi kuma yana son kwanciya a laka, da mai lamba shida wanda ke yawo a ruwa kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji, sannan a wasu yanayi na ukun yana iya rikiɗewa ya koma na shida. Iyakar duka biyun a ruwan sha 0.05 ce. Ruwan Challawa da Sharaɗa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai ya bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara wadda ta riga ta kwaso kwatocin cikin birni da na mayanka, su tafi dam ɗin Wasai. Doka dai tana nan, hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007 aka kafa ta kuma tana da ƙa'idojin abin da masana'anta za ta saki, sai dai injin tace ruwa yana cin wuta da kuɗi, kuma samfurin da aka ɗiba da rana ranar da aka san masu dubawa za su zo ba lallai ya yi kama da abin da ke fita ƙarfe biyun dare ba. Shi ya sa masu aikin da gaske ba sa yarda da ɗiba ɗaya, suna tara kaɗan-kaɗan na awa 24 su haɗa, kuma su ɗebo har da lakar gindin rafin, don ƙarafa a can suke taruwa ko da ruwan saman ya nuna ba komai.

A bakin waɗannan rafukan kuma mutane ke noman rani, latas da alayyafo da kabeji da karas, kuma ni ban ga laifin manomin ba, ruwan yana nan rani da damina, kyauta ne, ga shi da taki a cikinsa ganye ya yi kore shar. Tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce ruwan ban-ruwan abin da ake ci ɗanye kar ya wuce ƙwayoyin kashi 1000 a mililita 100, ƙwan tsutsar ciki kuma kar ya wuce ɗaya a lita, ɗanyen ruwan kwata kuwa miliyoyi yake ɗauke da su. Ɓangaren ƙwayoyin cutar yana da dabaru, a daina ban-ruwa 'yan kwanaki kafin a cire, a zuba ruwan a gindi ba a kan ganye ba, a gida a wanke da ruwa mai kulorin ko a dafa. Ƙarafan ne ba su da wannan sauƙin, wanda ya riga ya shiga cikin ganyen ta saiwa wanki ba ya fitar da shi, kuma ƙasar fadamar tana tara su shekara da shekaru, don haka a irin waɗannan wuraren gwajin ruwa kaɗai bai isa ba sai an haɗa da na ƙasar da na ganyen kansa.